Shekarar da Na Haramta Tarwaɗa

Kun girma kuna ba da labarin nan duk lokacin da muka haɗu a Kirsimeti, kuna dariya har da riƙe ciki, wai Baba ya taɓa zama Bayahuden Haɗeja na shekara guda, sai da Fasto ya kayar da shi da ayoyi a gaban dattawa sannan ya dawo hanya. Rabin farko gaskiya ne, kuma ban hana ku dariya ba, ni ma nakan yi. Rabi na biyu ne nake so in gyara tun ina da ido da hannu. Fasto bai kayar da ni ba. Mutumin kirki ne, Allah ya ba shi hutawa, amma sau uku muka zauna da shi, sau uku yana tashi yana share zufa. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa rasa amsa ba ko da ban san ta ba. Kakarku ce ta kwance ni, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa, kuma ba da gardama ta yi ba.

An kawo ni Haɗeja koyarwa tun muna ƙarƙashin Kano, kafin a yanke Jigawa. Mun baro duwatsunmu na kudancin Kaduna da ni da mamanku Hannatu, Ladi tana goye, muka zo muka tarar da ƙasa shimfiɗe, ruwa ko'ina da damina, shinkafa iya ganinka. Mun ji daɗin garin nan, kada wani ya gaya muku akasin haka. Gidan da muka kama haya katanga ɗaya muke da Malam Sale, masunci ne ɗan masunci, yana da jirginsa can wajen Auyo. Ba ya dawowa daga ruwa bai aiko mana da rabonmu ba, kuma yawanci tarwaɗa ce, baƙa, mai santsi, mai gashin baki, wani lokaci tana motsi a cikin kwano. Matarsa ce ta koya wa mamanku yin banda, har ta kai mutane suna cewa bandar matar Ticha ta fi ta 'yan gari. Da babana ya rasu a ƙauye, na je na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurinmu da zama. Kayanta ba su da yawa: buhun acca, ƙullin citta, da wata baƙar tukunyar ƙasa da ta rungume a cinya tun daga gida har Kano har Haɗeja, ta hana ɗan kamasho ya taɓa. A cikinta ta yi wa babana miya tun suna amarci.

Kakanku ba ku san shi ba. Yana cikin mutanen farko da suka karɓi bishara a ƙauyenmu, ya sha duka a kan haka daga 'yan'uwansa. Bai iya karatu ba, waƙoƙin majami'a ne littafinsa. Maharbi ne kuma, babu abin da ke gudu a daji da bai shiga tukunyar nan ba: zomo, gafiya, beguwa, aladen daji. In ya zauna cin abinci yakan yi addu'a mai tsawo har miya ta huce, sannan ya ci kamar wanda aka biya shi.

Abin da ya juya ni ya faru ne da damina. An tura ni duba jarrabawa a wani ƙauye bayan Auyo, hanya ta yanke, sai a jirgi. Muka cika shi da mutane da buhuna da babur ɗina a tsakiya. Muna tsakiyar ruwa ya karkata, ya kife. Ban iya iyo ba, ɗan dutse ne ni. Masunta ne suka jawo ni ta wuyan riga. Mutumin da ke zaune kusa da ni, wanda muka raba goro da shi minti kaɗan kafin nan, sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. Na dawo gida lafiya, mamanku ta yi godiya a majami'a, amma ni tsoro ya shige ni bai fita ba. Tambaya ɗaya ke cina ina tsaye a gaban allo, ina cin abinci, ina kan hanya: da ni ne na tafi, da me zan tsaya a gaban Allah? An yi mini baftisma ina yaro, ina zuwa sujada, ina karanta darasi ranar Lahadi. Duk na duba na ga bai kai ya kawo ba.

A wannan hali Danjuma ya same ni. Mutumin Filato ne, malamin gona, yana aiki da manoman rani, kuma shi ne abokina na kusa a garin. Shi da wasu mutum biyar sun fara taruwa ranar Asabar a ɗakinsa. Ya buɗe mini Shari'ar Musa, ya nuna mini da yatsa: ranar hutu Asabar ce, ga naman da aka halatta, ga wanda aka hana, kifi kuwa sai mai ɓawo a jiki. Ya ce Allah ba ya canja magana, mu ne muka yi wa kanmu sauƙi. Wallahi ji na yi kamar an miƙo mini igiya. Ga abin da zan iya yi da hannuna, in duba da yamma in ce yau na cika. Na kwafe dokokin a littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi da jan biro, na zo gida na tara iyali kamar ranar buɗe makaranta.

Yanzu da nake tsoho nakan yi dariyar yadda dokar nan ba ta taɓa ni ba ko kaɗan. Alade, ko ka so shi, ina za ka gan shi a Haɗeja? Kaciya an yi mini tun ban san kaina ba. Asabar dama ba na zuwa aiki. Duk nauyin a kan mata ya sauka. Na hana hura wuta ranar Asabar, sai mamanku ta yi girkin kwana biyu ranar Juma'a, a zafin garin nan da tuwo ke tsami kafin azahar. Kuka ci tuwo mai tsami, ni ina karanta muku doka. Sannan ga kifi. A garin da tarwaɗa ce abincin talaka da mai kuɗi, na tashi na ce haram.

Ranar da na mayar wa Malam Sale da kwanonsa, na ɗauka zai yi fushi, domin mayar da kyauta ba ƙaramin abu ba ne. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinkin koma. Na yi masa dogon bayani, ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba.

"To, Malam Ticha," in ji shi, "mu Musulmi muna ci. Ku Kirista na san kuna ci. Su wa ke nan ba sa ci?"

"Yahudawa," na ce.

"Ikon Allah. Akwai su a Haɗeja?"

"Babu."

"To yanzu an samu," ya ce, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Daga nan sunan ya fito, ba daga majami'a ba. Amma ku ji halin mutumin nan: tun daga ranar yakan zauna ya tsince mana karfasa zalla, mai ɓawo, ya aiko, bai sake tayar da maganar ba.

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne tukunya. Na karanta cewa tukunyar ƙasa in abu marar tsarki ya shiga cikinta ba ta wankuwa, sai a fasa. Na leƙa madafa, na ga baƙar tukunyar Mama a kan murhu. Na san abin da ya shiga cikinta shekara da shekaru. Mamanku ta tare ƙofa ta ce, "Baban Ladi, ka ji tsoron Allah." Na ce ai tsoronsa ne ya kawo ni. Na ɗauke ta na kai bayan gida na sa taɓarya. Mama tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ta ji ƙarar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "To," ta ci gaba da tsintarta. Na koma ɗaki ina jin na yi wa Allah babban aiki.

Bayan 'yan makonni ta kira ni da hantsi, ta ce in zauna. Da yarenmu ta yi maganar, ga yadda zan juya muku ita.

"Ishaya, kai ne ka yi karatu. Wannan abin da kake faɗa, a cikin Littafi yake?"

"A ciki yake, Mama."

"Wanda ya ci, ya ƙazantu a gaban Allah?"

"Haka aka rubuta."



"To babanka fa? Har satin da ya kwanta zomo ya ci, ni na dafa masa. Yana ina yanzu?"

Da na ce mata yana wurin Ubangiji, da maganar ta mutu a nan. Amma in na faɗi haka, me ya rage na littafina mai jan layi? Sai na gyara murya irin ta aji, na ce, "Mama, wannan Allah ne kaɗai ya sani." Na tashi na tafi makaranta. Ban taɓa yi wa mutum muguntar da ta kai wannan ba, kuma ko ɗaga murya ban yi ba.

Daga ranar Mama ta shiga doka, ta wuce ni nesa. Ta bar tarwaɗa, ta bar karfasa ma, ta bar nama kowane iri, ta bar mai. Sai kunun acca tsararo sau ɗaya a yini. Ta daina waƙa, ita da ke tashe mu da waƙa kowace safiya. Ranar jibin Ubangiji a majami'a aka miƙo mata farantin gurasa, ta sunkuyar da kai ta bari ya wuce. Ni kuwa, don ku san iyakar wautata, har na ba da labarinta a taron Asabar a matsayin abin koyi. Kafin lokacin kaka ya ƙare zanenta yana zagaye ta sau biyu. Aka kai ta asibiti, suka duba suka ce ba su ga ciwo ba, jini ne ya yi ƙasa, a ba ta abinci mai kyau. Aka dawo gida, ta kwanta, ta juya wa kwano baya.

Wata ranar Juma'a da yamma mamanku ta same ni a tsakar gida ina gyaran takardun yara. Kun san ta, ba mai yawan magana ba ce, shekara guda tana haƙuri da tuwo mai tsami. Ta zare biron daga hannuna ta ajiye.

"Ka san abin da Mama take yi?"

"Tana tsarkake kanta," na ce.

"Ba kanta ba. Jiya ta gaya mini. Ta ce ita ta dafa wa Baba duk abin da ya ci, don haka laifin nata ne. Wai in ta hana kanta iya abin da ya ci, ko Allah zai duba ya sassauta masa. Azumin mijinta take yi, Baban Ladi. Shekara arba'in na nama take so ta rama da cikin tsohuwa. Kai ka ɗaura mata, kai za ka kwance, in ba haka ba ka shirya likkafani."

Na sa takalmi na tafi wurin Danjuma, na gaya masa duka, na ce ya ba ni amsar da zan kai mata. Danjuma ba mugu ba ne, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce watakila Allah zai yi wa tsoho rangwame tun da bai sani ba. Na ce kalmar "watakila" ba za ta sa tsohuwa ta buɗe baki ba. Na tambaye shi, mu da muka sani fa, yaushe za mu san mun cika? Ya ce sai dai mu yi ta ƙoƙari har ranar. Na dube shi, na ga tsoron da ke cikina shi ne a fuskarsa. Shekara guda ina kiyaye doka, kuma da za a sake kifar da ni a ruwan Auyo, da tsoron nan zan nitse, ko ɗigo bai ragu ba.

Da gari ya waye na buɗe Littafi, ba don in ci gardama ba wannan karon. Duk wuraren da Fasto ya nuna mini na bi su ɗaya ɗaya, waɗanda na riga na tanadar wa amsa. Na karanta faɗan da manzo Bulus ya yi wa mutanen da suka fara da bangaskiya suka koma neman cikawa da doka. Na karanta labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda hannuwansa ke kafe, ba shi da sauran Asabar ko ɗaya da zai kiyaye, aka kuma karɓe shi a ranar. Kalmomin ba su canja ba, ni ne na zo musu da fuskar mahaifiyata a gabana. Na gane cewa abin da nake ta ƙoƙarin saye an riga an ba ni kyauta, kuma an ba babana tun kafin a haife ni. Ban ce muku aikin kirki banza ba ne. Wanda aka cece shi dole a gani a hannunsa. Amma aikin da ke gabana ran nan ba a littafin jan layi yake ba, yana kwance a ɗaki ya juya wa kwano baya.

Asabar ce. Na fito da babur na tayar da shi, ƙararsa ta cika unguwa. Na bi hanyar Auyo har bakin ruwa inda masunta ke sauke kamu. Malam Sale na ganina ya fara tsince karfasa.

"Bar ta, Malam Sale," na ce. "Tarwaɗa nake so. Babba."

Ya dube ni, ya dubi babur, ya ɗaga kai kamar mai lissafin ranaku.

"Bayahuden ya yi ƙaura ke nan?"

"Tsohuwa ce ba lafiya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shiga jirgi da kansa ya zaɓo wadda ta fi kowace, ya ɗaure mini a bayan babur, ya ce in ce yana gaishe da Iya, Allah ya ba ta lafiya.

A hanyar dawowa na wuce ta ƙofar Danjuma, don babu wata hanyar. Suna zaune a waje su shida da littattafansu. Suka ga babur ranar Asabar, suka ga wutsiyar kifi tana lilo. Na ɗaga hannu, shi kaɗai ya amsa, da ƙyar. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma ya yi mini tsada. Mun ci gaba da gaisawa har aka yi masa canjin wurin aiki, amma bai sake cin abinci a gidana ba, ko ruwa in an kawo sai ya ce ya ƙoshi. Na yi kewarsa ƙwarai, har yau ina yi. Kada in ji ɗayanku ya kira shi ɗan ɓata. Mutum ne da ya ji tsoron Allah iyakar saninsa, kuma na sa rai zan gan shi a inda ba a tambayar abin da aka ci.

Mamanku ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi kifin, ta hura wuta a tsakar gida da rana tsaka, ta zuba masa ruwan zafi ta wanke santsin, ta yi farfesu da cittar da Mama ta zo da ita. Ƙanshi ya tashi, ku yara kuka fito kuna leƙe kamar an yi baƙo. Na ɗauki kwanon da kaina na shiga ɗakin Mama. Tana kwance ta fuskanci bango. Na zauna a ƙasa kusa da gadonta, na yi addu'a da ƙarfi yadda za ta ji, na gutsuri tsoka na sa a baki. Ta juyo a hankali tana kallona ina taunawa.

"Ishaya, me kake ci?"

"Tarwaɗa, Mama."

"Yau ba Asabar ba ce?"

"Asabar ce. Mama, na yi kuskure. Na fasa miki tukunya a banza, na kuma gaya miki abin da ba haka ba. Baba yana wurin Ubangiji."

Idonta ya faɗa ciki, amma kaifinsa na nan.

"Ka tabbata, ko don in ci kake faɗa? Kada ka yi mini wayon 'yan boko. In ƙarya ce gara ka bar ni in ƙarasa abin da na fara."

Na ajiye kwanon. Na ce, "Ba na nan da ya tafi, ke ce kike nan. Wa ya kira a ƙarshe?"

"Yesu ya kira. Sau uku. Sannan ya ce in buɗe taga."

"To wanda ya kira ɗin nan ba ya korar mai zuwa wurinsa, Mama. Ya san abin da ke cikin tukunyarki tun ranar da ya karɓi Baba, kuma ya karɓe shi. Ba zomo ne ya kai shi ba, ba zomo ne zai hana shi ba. Babu abin da ya rage da za ki biya masa. Na duba, na sake dubawa. Ni ne na ƙara abin da ba a ce ba."

Sai ta fara kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar tukunya, ba ta yi ba ranar da na ce Allah ne ya sani. Ni ma na yi, babba da ni, malamin makaranta, a gaban kwanon kifi. Mamanku tana tsaye a bakin ƙofa ta kore ku waje. Kakarku ta ƙara shekara shida a duniya bayan wannan rana, ta ga haihuwar 'yar'uwarku Rahila, ta koma tashe mu da waƙa har muna roƙonta ta bari gari ya waye. Ban taɓa jin daɗin zaman gida kamar na waɗannan shekaru ba.

Da ta gama kukan ta share fuska da bakin zane, ta ce in tayar da ita zaune. Na jingina ta da bango, na miƙa mata cokali da ɗan romo. Ta kurɓa, ta yatsina fuska ta ce Hannatu ta yi rowar citta. Na tsinko mata tsoka mai laushi daga tsakiya, ta ture hannuna, ta leƙa cikin kwanon.

"Ba wannan ba. Ba ni kan."

"Mama, kan akwai ƙaya, ba ki da ƙarfi."

"Na ce ka ba ni. A gidanmu babanka ne ke cin kai." Ta miƙo hannu biyu. "Na yi masa azumi bai nema ba. Yau bari in ci masa."